Gilashin VR ga mai ciwon da ba ya warkewa: wa za a ɗaura wa, minti nawa, kuma me zai kalla?

Ummu Hanif

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Ina so mu tattauna batun gilashin nan na VR, wanda ake ɗaura wa mutum a fuska ya tsinci kansa a wani wuri daban, duk inda ya juya kai hoton ya bi shi. Wasu gidajen jinyar masu ciwon ajali a Ingila sun jima suna amfani da shi. LOROS da ke Leicester sun ɗauki hoton Bradgate Park, filin shaƙatawa da mutanen yankin suka saba zuwa, suna nuna wa waɗanda ba sa iya sauka daga gado. Royal Trinity da ke Landan su ma sun yi irin wannan. To idan sashen rage raɗaɗi a ɗaya daga cikin asibitocinmu zai fara, wane majinyaci ya dace a sa wa, wane ne bai dace ba, kuma yaya ake gudanar da zama ɗaya daga farko har ƙarshe?

Likita Abu Sadiq

Wa alaikumus salam, Sista. Sai mun san yadda abin yake aiki kafin mu san iyakarsa. Asalin amfani da shi kan ciwo daga ɗakin masu ƙuna ya fito. Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washington, a Seattle, su ne tun wajejen ƙarshen shekarun 1990 suka haɗa wata duniyar ƙanƙara mai suna SnowWorld, majinyaci yana jifa da dunƙulen ƙanƙara a ciki yayin da ake wanke masa ƙuna. Hikimar ita ce hankalin mutum ba ya ɗaukar abubuwa da yawa lokaci guda. Ciwo yana buƙatar hankali ya koma kansa kafin a ji shi sosai. Idan ido da kunne suka cika da wani abu, rabon da ciwo ke samu sai ya ragu. Daga baya sun duba ƙwaƙwalwa da na'urar hoto, suka ga sassan da ke karɓar saƙon ciwo sun rage aiki lokacin da gilashin ke fuska.

Abin lura shi ne sauƙin yana zuwa ne lokacin da ake kallo, da ɗan lokaci bayan an cire. Shi ya sa ya fi amfani a wuraren da ciwo ke tashi na ɗan lokaci: wankin gyambon kansar mama, sauya robar fitsari, neman jijiya, zuƙe ruwan ciki. Ciwon da ke cin ƙashi dare da rana kuwa, wannan aikin mofin ne, wato maganin kashe ciwo mai ƙarfi.

A ɓangaren masu cutar kansa da ta kai matakin ƙarshe, binciken da aka fi ambato shi ne na Kazuyuki Niki da abokan aikinsa a Japan, wanda ya fito a 2019. Majinyata 20, an kai su wuraren da suke kewa ta hanyar Google Earth VR, manhajar da ke nuna taswira da hotunan wuraren duniya a cikin gilashi, wasu gidajensu, wasu garuruwan da suka taɓa zama. An auna su kafin da bayan kallo, aka samu sauƙi a ciwo, gajiya, ƙuncin numfashi, fargaba da damuwa. Sai dai mutum 20 ne, kuma babu rukuni na biyu da aka kwatanta da su. A ɗauke shi da wannan nauyin, kada a ƙara masa.

Hajiya Mai Famasi

Likita, ka yi min afuwa, amma ni a nan nake da magana. Muna zancen gilashi alhali majinyata da yawa a ƙasashenmu suna rasuwa ba su taɓa samun mofin na sha ba. Wannan magani ba shi da tsada. A Yuganda, Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a 1993, suna haɗa garin mofin da ruwa a kwalba, kuma tun 2004 dokar ƙasar ta ba nas-nas da aka horar damar rubuta shi. Tsanin maganin ciwo na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato tsarin hawa daga magani mai sauƙi zuwa mai ƙarfi gwargwadon ciwo, tun 1986 yake, har yau ana samun ɗakin kwanciya da ba a bin sa. Kuɗin gilashi ɗaya zai sayi mofin na mutane da yawa. Tsorona shi ne a ga na'ura mai ƙyalli, a ɗauki hoto da ita, a manta da kwalbar da ta ƙare a kabad.

Likita Abu Sadiq

Hajiya, maganarki dutse. Sashen da ba shi da mofin na sha kowane awa 4, da ƙarin kashi ɗaya cikin shida na jimillar yini idan ciwo ya taso tsakani, da maganin taurin bayan gida tare da shi, bai kai lokacin sayen gilashi ba. Ko a wankin gyambo, a fara ba da ƙarin mofin minti 30 kafin a taɓa ciwon, domin na sha yana ɗaukar kusan wannan lokaci kafin ya kama, sannan a ɗaura gilashin. Kada a rage wa kowa magani don an ga ya yi murmushi a cikin gilashi.

Inda na bambanta da ke kaɗan shi ne, Cicely Saunders, wadda ta buɗe St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar cewa ciwon mai jiran ajali ba na jiki kaɗai ba ne, akwai na zuciya, na iyali, da na ruhi. Dattijon da ya yi wata biyu yana kallon silin ɗaya, nesa da garinsu, mofin zai kashe masa zafin ƙugu amma ba zai nuna masa ƙofar gidansa ba.

Hajiya Mai Famasi

Na yarda da wannan tsari, muddin an rubuta shi a ƙa'idar sashe, ba a baki kawai ba. Kuma a ƙara da cewa duk wanda aka fara wa mofin, ko aka ƙara masa, a jira kwana uku zuwa biyar kafin a ɗaura masa gilashi. Tashin zuciyar farko na mofin yana lafawa a 'yan kwanakin nan. Idan aka haɗa shi da jirin gilashi, majinyaci zai yi amai, 'yan uwansa su ce maganin ne bai karɓe shi ba, su hana shi sha. An yi asarar abu biyu ke nan.

Maman Iman

Sista Ummu Hanif, ga yadda zama ɗaya yake tafiya. Da farko a tantance. Kada a sa wa mai farfaɗiya, ko wanda cutar kansa ta hau masa ƙwaƙwalwa har yana jijjiga. Kada a sa wa wanda ya ruɗe, yana sambatu, bai san inda yake ba. Wannan ruɗewa tana yawan zuwa a makonnin ƙarshe, kuma mutumin da ya kasa bambance mafarki da ido biyu, in ka sa shi cikin teku sai ya firgita ya nemi dirowa daga gado. Tambayoyi biyu uku sun isa: ina muke, wane gari, wace ce wannan da ke zaune. Haka wanda ke amai a ranar, mai jiri, mai ƙurji ko gyambo a fuska, mai ciwon ido da ake ɗauka, wanda aka gasa wa cutar kansa da na'ura a kai ko wuya fatarsa ta saɓule, da wanda ciwon ya taɓa ƙashin wuyansa. Mai oksijin ta siririyar robar hanci yana iya sawa, sai dai a duba kada gilashin ya danne robar a kumatu. Mai babban abin rufe hanci da baki, ba ya zama daidai.

Sai a auna kafin a fara. Ma'aunin Edmonton yana tambayar alamu tara, kowace daga 0 zuwa 10. Ga wanda lissafi ke ba shi wahala, yatsun hannu sun wadatar: dunƙulen hannu babu ciwo, yatsa biyar ciwo mafi tsanani. A ɗaga kan gado zuwa digiri 30 ko 45, a ɗaga ƙarafan gefe, a ajiye roba kusa saboda amai. A bar shi ya riƙe gilashin da hannunsa ya leƙa kafin a ɗaura maɗauri. A gaya masa cewa in ya ɗaga hannu za a cire nan take.

Zaman farko kada ya wuce minti 3 zuwa 5. In ya karɓe shi, na gaba 10 zuwa 15. Wuce minti 20 ba kasafai yake ƙara komai ba sai gajiyar wuya da ido. Kada a bar shi shi kaɗai ko na daƙiƙa. Kuma tunda ba ya ganin ɗakin, duk wanda zai taɓa shi ya yi magana tukuna: Baba, zan gyara maka filo. Mace kuwa mace ce za ta ɗaura mata, a gyara mata ɗankwali ko hijabi yadda maɗaurin zai zauna, a ja labule, domin ba za ta ga mai shigowa ba.

Alamun a dakata: gumi mai sanyi, yawan haɗiyar miyau, hamma a jere, fuska ta canza, ko ya yi shiru ya ƙanƙame zanin gado. Wajen cirewa a ce ya rufe ido, a zare a hankali, ya zauna minti 5 zuwa 10 kafin ya motsa. A sake aunawa nan take, sannan bayan awa ɗaya, a rubuta a fayil.

Injiniya Na Sabon Gari

Ranki ya daɗe, kin gama da ɓangaren jinya, bari in shiga na ƙarfe. Jirin nan dalilinsa ɗaya ne: ido ya ce wa ƙwaƙwalwa ana tafiya, cikin kunne ya ce a kwance ake. Saɓanin nan ne ke tayar da zuciya. Saboda haka duk bidiyon da kamara ke tafiya a cikinsa, a mota, a jirgi, ko wani ya riƙe ta yana takawa, a cire shi daga jerin. A zaɓi wanda kamara ke tsaye cak, duniya ce ke motsi a gabanta.

Na'urar da ta fi sauƙi ita ce mai zaman kanta, wadda ba ta buƙatar kwamfuta, irin su Quest ko Pico. Quest 2 nauyinsa ya ɗan haura giram 500, kuma duk nauyin a gaba yake. Ga lafiyayye ba komai ba ne, ga wanda ya rame ƙashin kumatu ya fito, minti goma sun isa su bar masa shaida. A sassauta maɗaurin gefe, a ja na sama ya ɗauki nauyin, a tallafi ƙeya da filo. Gilasan ciki suna matsawa wuri uku, milimita 58, 63 da 68, gwargwadon tazarar idon mutum. In ba a daidaita ba hoto zai yi dishi-dishi, kai ya yi ciwo.

Matsalar da ta fi faruwa a gado ita ce majinyaci yana kishingiɗe, na'urar kuma tana ɗauka yana kallon sama, sai ya ga gajimare kawai, abin kallon yana can wajen ƙafafunsa. Quest na da saitin amfani a kwance, a kunna shi, sannan a danne maɓallin Oculus da ke kan abin sarrafawa na hannun dama har hoton ya dawo gabansa. Saitin iyakar wurin da na'urar ke shata wa mai kallo kuma, a zaɓi na zama wuri ɗaya, ba na yawo ba. Na biyu, kamarorin da ke jikin na'urar da haske suke gane ɗaki. In aka ɗauke wuta da dare, hoto zai tsaya ko ya yi tsalle, to a tanadi fitila mai caji. Na uku, a haɗa ta da tablet ko waya yadda nas za ta ga abin da yake gani, ta iya cewa duba hagunka, Baba. Batir awa biyu zuwa uku yake yi, ya isa zama da yawa. A sauke bidiyoyin cikin na'urar tun kafin a shiga ɗaki, kada a dogara da netiwok, kuma a duba ko tana neman sabuntawa tun da safe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ummu Hanif

Injiniya, kwalin nan mai arha da ake zura waya a ciki fa? Iyalai da yawa shi za su iya saya.

Injiniya Na Sabon Gari

Yana aiki, amma da sharaɗi. Dole wayar ta kasance tana da abin gane juyawa da ake kira jairoskop, kuma ƙananan wayoyi da yawa ba su da shi, sai hoton ya ƙi bin kai. Ko mai shi ma, hoton yakan makara kaɗan bayan an juya, wannan makarar kuwa ita ce uwar jiri. Wayar tana zafi a fuska, kira yana iya shigowa tsakiyar kallo. In shi ne kawai a hannu, a sa wayar a yanayin jirgi, kada a ɗaura maɗauri, a riƙe masa da hannu, minti 3 zuwa 5.

Tsafta kuma: soson da ke zuwa da na'urar yana shan gumi, ba ya gogewa. A saya masa murfin silikon, a goge murfin da jikin na'urar da maɗauri tsakanin majinyaci da majinyaci, a bari ya bushe. Gilasan ciki kada sifirit ko ruwan bilic ya taɓa su, ƙyalle mai laushi busasshe kawai. Lokacin hunturu a fara hure ƙurar, domin gogewa da ƙura a kai tana karce su. Kada a ajiye ta inda rana za ta haska cikin gilasan, suna tattara haske su ƙona allon ciki, kuma tabon ba ya fita. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, a yi zaman da safe, da fanka a kusa.

Malam Na Zongo

Allah Ya saka muku da alheri. Ni abin da za a nuna ne ya dame ni. Yawancin bidiyoyin da ke zuwa da na'urorin nan teku ne, kifaye, dusar ƙanƙara. Tsohuwar da ba ta taɓa ganin teku ba, ka jefa ta ƙarƙashin ruwa, ba natsuwa za ta samu ba. Ku tambayi dattawanmu inda suke so su gani, da yawa za su ce Makka da Madina. 'Yan uwanmu Kirista wasu za su ce Urushalima ko cocinsu. Akwai bidiyoyin Harami da ake kallo ta kowane ɓangare, kuma hukumar kula da Masallatai Biyu masu alfarma ta fitar da na Hajarul Aswad a ƙarshen 2021. Amma a faɗa wa majinyaci gaskiya da taushin harshe, cewa kallo ne. Hukumar addini ta Turkiyya, Diyanet, ta bayyana a 2022 cewa irin wannan ziyara ba ta zama aikin Hajji. Kada wani ya ce masa ai ka sauke farali. A zaɓi wanda aka ɗauka daga wuri ɗaya ana kallon masu ɗawafi, ba wanda kamara ke zagayawa cikin cunkoso ba, kamar yadda Injiniya ya ce.

Anti Mai Nasiha

Malam, haka ne, amma a shirya wa hawaye. Wanda ya yi shekaru yana tara kuɗin kujera ciwo ya cinye su, ganin Ka'aba zai iya sanyaya masa zuciya, zai kuma iya tayar masa da baƙin cikin abin da ya kuɓuce. Hoton gidan mutum ya fi wannan ƙarfi. Gani ya kori ji. Mutum ya ga zauren gidansa, rijiya, bishiyar darbejiya da yake zama ƙarƙashinta bayan la'asar, a lokacin ne sau da yawa yake gane cewa ba lallai ya koma ba. Kukan ba alamar an yi kuskure ba ne, kuma ba dalilin fizge gilashin ba ne. A tambaye shi: a ci gaba ko a tsaya? Kuskuren shi ne a cire, a naɗe waya, a wuce gado na gaba. A ware aƙalla minti 15 na zama bayan kallo. A nan ne ake jin maganar bashi, wasiyya, ɗan da aka yi faɗa da shi ake so a kira. Wanda bai shirya sauraron wannan ba, kada ya kunna na'urar.

Kuma kafin a ɗauko hoton gida, a tambayi majinyacin da kansa abin da yake so ya gani da abin da ba ya so. Wani ba ya son ganin ɗakin matarsa da ta rasu. Wani bai san an sayar da shanunsa don biyan kuɗin asibiti ba, sai ya ga turke wayam.

Likita Abu Sadiq

Wannan na turke babbar magana ce, Anti. A zauna da iyali tukuna.

Injiniya Na Sabon Gari

Tunda Google Earth VR sai da babbar kwamfuta, kuma yawancin ƙauyukanmu babu hoton titunansu a ciki, hanya mafi sauƙi ita ce a aika wani da kamara mai ɗaukar kowane ɓangare, irin su Insta360 ko Ricoh Theta. A kafa ta a sanda mai ƙafa uku, tsayin idon mutumin da ke zaune, kamar mita 1.2. In aka ɗaga ta sama sosai zai ji kamar yana shawagi, in aka ajiye ta ƙasa zai ji ya zama yaro. Ta tsaya daidai, kada ta karkace. Kowane wuri a bar ta minti ɗaya zuwa biyu, mai ɗauka ya ɓuya bayan katanga. Masu gaisuwa su zauna mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga kamara, suna fuskantar idonta, ba gefenta ba, domin a gefe ne ake ɗinke hoton gaba da na baya, fuskar da ta faɗa wurin sai ta tsage. Su yi magana ɗaya bayan ɗaya. Yara kada su rugo su leƙa, a cikin gilashi fuskarsu za ta cika masa ido. A ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, kuma kada a sa kiɗa a kai. Kukan zakara, ƙarar turmi, kiran sallar masallacin unguwa, su ne rabin abin.

Malam Na Zongo

A nemi izinin maigida da matan gida kafin kamara ta shiga tsakar gida, tunda tana ɗaukar har abin da ke bayanta. Bidiyon na majinyacin ne, kada a nuna wa na gadon kusa, kuma a goge shi daga na'urar asibiti in an gama, a ba iyali nasu. Sannan idan alamun ƙarshe suka bayyana, barci ya yi yawa, numfashi ya sauya, ya daina karɓar ruwa, a ajiye gilashin gaba ɗaya. Lokacin 'ya'yansa suna son ganin fuskarsa, ana karanta masa Alƙur'ani, ana tuna masa kalmar shahada.

Maman Iman

Haka ne, Malam. Ko kafin nan ma, wanda ba ya iya ɗaga hannu ya ce a cire, ba a sa masa. In iyali suna so, a kunna masa sautin gidan a waya kusa da kunnensa.

Ummu Hanif

Na gode ƙwarai. Saura ɗaya: dattawa da yawa suna sa tabarau, wasu kuma suna da yanar ido ko ba sa ji sosai.

Injiniya Na Sabon Gari

Quest 2 yana zuwa da wani siririn zobe na roba da ake sawa ƙarƙashin soso ya ba tabarau wuri. A sa shi, in ba haka ba tabarau zai goge gilasan ciki, duka biyun su karce. Tabarau na hangen nesa zai sa, ba na karatu ba, domin ido yana ɗaukar hoton kamar yana nesa da fiye da mita ɗaya. A fara zura tabarau cikin na'urar daga gaba, sannan a ja maɗauri baya. Mai yanar ido a gwada shi da wuri mai haske da manyan abubuwa, a tambaye shi me yake gani kafin a ci gaba. Mai nauyin ji kuma a sa masa abin kunne a gefe ɗaya kawai, a bar ɗaya kunnen a buɗe ta ɓangaren da nas ke zaune.